Tsohon gida mai kaurin bango: me za a gyara, me za a bari?

Tambaya: Mun gaji wani tsohon gida, ginin ƙasa ne mai kaurin bango, tagoginsa na katako. Shekarun baya an cire rufin asali na wasu ɗakuna an buga kwano, an kuma yi wa bango ɗaya shafen siminti. Yanzu da zafi ɗakunan ba sa zaunuwa, da sanyi kuma iska na shigowa ta ko'ina, ga kuɗin wuta ya yi mana yawa. Wani magini ya ce a shafe gidan duka da siminti ciki da waje, a sa tagogin alminiyom da na'urar sanyaya ɗaki. Wani kuma ya ce rushewa ta fi sauƙi. Muna son gidan, amma muna so mu zauna a cikinsa da daɗi. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin komai a dakata da maganar simintin nan tukuna. A cikin shawarwarin da aka ba ku ita ce mafi haɗari, don za ta yi kyau a ido na shekara biyu ko uku, alhali tana cin gidan ta ciki ba wanda ya sani. Rushewa kuwa ba ta taso ba, muddin injiniya bai duba ya ce ginin ya gama yawo ba.

Zan fara da yadda irin wannan gini yake zama da ruwa. Kusan duk wanda ya ɓata tsohon gida ta nan ya ɓata shi, kuma maganar makamashi ma daga nan take farawa, ko da yake ba kowa ke ganin alaƙar ba.

Ginin zamani an tsara shi ne ya hana ruwa shiga kwata-kwata: siminti, leda a ƙarƙashin daɓe, fenti mai toshe fuskar bango. Ginin gargajiya, na laka ne ko na dutse ko na jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa, dabararsa daban ce. Yana barin ɗan danshi ya shige shi lokacin ruwa, in rana ta fito iska ta kaɗa sai ya fitar da shi. Kamar randar ƙasa yake, tsatsafon da take yi shi ne aikinta, ranar da ka shafe ta da fenti ka kashe ta. Masu wannan sana'a sukan ce bangon yana numfashi.

To me siminti yake yi wa bango mai numfashi? Ya fi laka tauri nesa ba kusa ba, kuma ba sa motsi tare. Laka takan ɗan kumbura in ta sha danshi, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa zafi da sanyi ne ke motsa shi. Sannu a hankali sai ƙananan tsagu su buɗe a jikin shafen, wasu da ƙyar ido ke ganinsu. Ruwan sama ya shiga ta nan, laimar da ke tasowa daga ƙasa ita ma ta hau, duk su rasa hanyar fita. A bayan ɓawon simintin ƙasa ta koma taɓo, ciyawar da aka cuɗa ta da ita ta ruɓe, kan katakon da ya shiga cikin bango ya ruɓe, gara ta samu wurin zama. Ta waje kuwa bango sumul. Je ka ƙwanƙwasa bangon nan naku da aka yi wa siminti: duk inda ka ji yana amsawa ba komai a bayansa, shafen ya riga ya rabu da bango.

An sha ganin haka a wurare da yawa. A Ranchos de Taos, cikin jihar New Mexico ta Amurka, akwai wani shahararren coci na tubalin laka. A 1967 aka yi masa shafe mai tauri don a huta da wahalar yaɓen shekara-shekara. Zuwa 1979 ɓarnar da ruwa ya yi a ƙarƙashin shafen ta fito fili, dole aka kankare shi, aka sake gina wasu sassa, aka koma yaɓen laka da ake yi har yau. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Gidajen dutse na Turai ma ba su tsira ba. Inda aka cike tsakanin duwatsu da siminti maimakon farar ƙasa, ruwa ya rasa ta inda zai fita sai ta jikin dutsen, sai ka ga dutsen yana zaizayewa simintin yana tsaye ƙyam. Irin simintin da muke amfani da shi sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, kuma ya ɗauki gomman shekaru kafin ya bazu. Gine-ginen da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru ba da shi suka tsaya ba. Farar ƙasa tana ƙarfi ne sannu-sannu ta hanyar shan iskar kabon daga sarari, kuma ta fi dutse da bulo laushi, saboda haka ita ke fara lalacewa, a sabunta ta, bango ya tsira. Da gangan aka yi haka.

Ga inda wannan ya haɗu da kuɗin wutarku. Busasshen bango cike yake da ƙananan ramuka masu ɗauke da iska, kuma iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. In ruwa ya cike ramukan nan labari ya canja, don ruwa ya fi iska wuce da zafi fiye da ninki 20. Jiƙaƙƙen bango yana zubar da ɗumin ɗaki lokacin sanyi, yana cika ɗaki da gumi da warin fumfuna lokacin zafi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta yi ta shan wuta tana fama da danshin da ba ya ƙarewa. Saboda haka busar da gini shi ne gyaran makamashi na farko, kuma yawanci shi ya fi arha.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki lema ka zagaya gidan yana cikin zuba. Abin da za ka gani cikin rabin awa ya fi rahoton wanda ya zo duba gidan da rani. Ina indararo ke zubar da ruwa, nesa da bango ko a gindinsa? Ina ruwa ke kwanciya? Ruwan da ke faɗowa daga bakin kwano yana fantsama ya jiƙa gindin bango? Ka duba tsayin ƙasar waje ma. Tsofaffin gidaje sukan nutse ba tare da sun motsa ba: ana cika titi, ana zuba ƙasa a tsakar gida, ana daɓe a kan daɓe, har ƙasar waje ta fi ta ɗaki tudu. In haka ne a rage ta, a yi mata gangara ruwa ya riƙa gudu daga bango. Daɓen siminti da ya manne da gindin bango shi ma matsala ne, don laimar da ya hana fita ta ƙarƙashinsa bango take bi ta hau. A yanke shi a bar tazara, a cika da tsakuwa.

Sai kuma ruwan da mu muka shigo da shi da hannunmu. Maginan da suka ɗora waɗannan gidaje ba su san da bututun famfo a cikin bango ba, ba su san da banɗaki mai shawa a jikin ɗakin kwana ba. Birnin Shibam na Yaman, mai dogayen benaye na tubalin laka, ya daɗe yana jure wa ruwan sama da dabarar shafa farar ƙasa a rufi da saman bango. Da ruwan famfo ya shigo ba tare da isasshen magudani ba, yoyon bututu da ruwan wanke-wanke suka shiga cikin abubuwan da ke cin gindin gidajen. Bututun da ke ɗiga kaɗan-kaɗan a cikin bangon ƙasa ya fi damina guda ɓarna. Ni dai shawarata kullum ita ce a fito da bututu fili inda ido zai gan shi, ko da bai yi kyau ba.

Yanzu zafi. Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa: bango mai ajiye zafi, da abin da ke tare zafi. Kaurin bangonku na farkon yake yi. Yana shanye zafin rana a hankali, kuma bango mai kaurin santimita 40 zuwa 50 zai iya jinkirta shi awa 10 ko fiye kafin ya iso ciki. Lokacin da ya iso dare ya yi, waje ya huce. In aka buɗe tagogi da dare iska ta ratsa ta kwashe zafin, aka rufe su da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ɗaki zai wuni da sanyin jiya. Yawancin masu kukan cewa tsohon gida yana da zafi akasin haka suke yi, tagogi a buɗe da tsakar rana, a rufe ruf da dare saboda sauro ko ɓarayi. Ragar sauro da ƙarfen tsaro sun fi kowace na'ura amfani a nan. Birnin Yazd na Iran, inda ake gina hasumiyoyin kama iska a saman gidaje, a kan wannan lissafin na kaurin bango da iska mai ratsawa aka gina shi.

Amma kada a yi wa bangon ƙasa yabon da ya wuce shi. Dabarar nan tana aiki sosai ne inda dare ya fi rana sanyi da tazara mai yawa. Inda iska ke da gumi kuma dare ba ya hucewa, kauri ba ya taimakawa sosai, can inuwa da iska mai ratsawa ne magani. Inda kuma ake watanni cikin tsananin sanyi, bango komai kaurinsa zai riƙa zubar da ɗumi dare da rana. Wajen tare zafi, audugar gini ta zamani mai kaurin santimita 10 ta fi bangon ƙasa mai kaurin mita ɗaya. Kowanne da aikinsa.

A gidanku kusan na tabbata ba bango ne mai laifi ba, kwanon nan ne. Rufi shi ke shan rana mafi yawa a yini, kuma rufi mai duhu yakan haura digiri 65 a tsakar rana, ya riƙa turo zafin kai tsaye kan mutanen da ke ƙasa da kuma saman bango. Da dare lokacin sanyi kuma ta nan ɗumin ɗaki ke tserewa. Ka gwada da kanka: sayi ƙananan ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a ɗaki mai kwano, ɗaya a ɗaki mai rufin asali, ka riƙa rubuta abin da suka nuna da asuba, da azahar, da bayan isha, na mako biyu. Daga nan ba sai wani ya gaya maka inda kuɗinka ya kamata ya fara zuwa ba.

Gyaran rufin kwano ba shi da wuya. A yi silin, a shimfiɗa kayan tare zafi a kansa, a bar sarari tsakaninsa da kwano, a kuma buɗe wa sararin nan ƙofofin iska ta gefe da ta sama, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu. In aka toshe sararin, zafin da ya taru a ciki ƙasa zai sauko. A shafa wa kwanon farin fenti ta sama, domin fari yana mayar da mafi yawan hasken rana. Birnin Ahmedabad na Indiya ya mayar da farin rufi wani ɓangare na shirinsa na yaƙi da tsananin zafi, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Silin ɗin na tubalin laka ne, kwanon kuma an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, iska na wucewa tsakani, bakinsa ya zarce bango yana kare shi daga rana da ruwa. Ana iya aron wannan dabara a tsohon gida: a mayar da rufin ƙasa, a ɗora masa kwano daga sama da tazara. Sai dai a ɗaure shi da kyau, don rufin da iska ke shiga ƙarƙashinsa guguwa na iya ɗauka.

Ɗakunan da har yanzu ke da rufinsu na asali a bar su. A duba kan azara inda ta shiga bango, a tabbatar ruwa ba ya kwanciya a sama, kuma kada a yarda wani ya zuba kankare a kai. Nauyi ne da ba a yi ginin dominsa ba. Ko laka ma in ta yi yawa illa ce. A babban masallacin Djenné na Mali, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907, yaɓen da ake ƙarawa duk shekara ya taru har ya yi wa ginin nauyi, sai da masu gyara suka rage shi.

Tagogi kuwa, a nan ne na fi saɓa wa magininku. Tagar alminiyom mai turawa gefe rabinta kawai ke buɗuwa, ka rage iskar dare da rabi ke nan, gilashin kuma ya shigo da rana ya riƙe zafinta a ɗaki. Ƙyauren katako yana tare rana tun daga waje, kuma zafin da aka tare a waje ya fi wanda labule zai tare bayan ya riga ya shigo. Tagogin gabas da na yamma su suka fi buƙatar inuwa, da rumfa ko baranda ko itace, amma itacen ya yi nesa da bango saboda saiwa da ruwan ban-ruwa. Ta ɓangaren sanyi ma an auna. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Glasgow Caledonian don hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Scotland, rufe ƙyauren katako a kan tsohuwar taga mai gilashi ɗaya ya rage ɗumin da ke fita da kusan rabi, ƙara gilashi na biyu ta ciki kuma ya rage fiye da kashi 60 cikin 100, ba tare da an cire tagar asali ba. Kafinta ya gyara inda ya ruɓe, ya daidaita inda ya karkace, a liƙa siririyar roba a gefen ƙyaure da ƙasan ƙofa. Iskar da kuke kuka da ita lokacin sanyi yawancinta ta nan take shigowa.

Amma toshe ɓaraka daban, shaƙe ɗaki daban. Ƙananan ƙofofin iska da ke can saman bango kada a cike su, a yi musu murfi da za a buɗe a rufe. Numfashin mutane da girki da wanka duk danshi suke zubawa a cikin gida, dole ya samu mafita. Kuma ɗakin da aka toshe sosai kada a kuskura a kwana a ciki da gawayi ko wata wutar jin ɗumi, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Sai bayan duk wannan ake maganar na'ura. Fankar sama ba ta cika wuce wat 75 ba, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana shan wat 1,000 ko kusa da haka, kuma iskar fanka kaɗai tana sa jiki ya ji kamar zafi ya sauka da digiri 2 ko 3. Tsofaffin ƙwayayen lantarki masu zare mafi yawan wutar da suke sha zafi take komawa, a canja su da na LED. In har sai an sa na'urar sanyi, a sa ta a ɗaki ɗaya ko biyu, kada a saita ta ta yi sanyi ƙarara, a kuma ja ruwan da take ɗigarwa da tiyo zuwa nesa da bango. Ɗakin da ke da ita kada a yi masa fenti mai maiƙo ko tayil a bango, domin danshin da ke shigowa daga waje zai tsaya a bayansu ya zama raɓa. Farantan sola abu ne mai kyau, amma ba a huda rufin ƙasa a kafa su. A yi musu rumfarsu daban, su ba da wuta su ba da inuwa.

Lulluɓe bango da kayan tare zafi shi na bari ƙarshe, don shi ya fi tsada kuma shi ya fi saurin jawo masifa. A unguwar Fishwick ta birnin Preston a Ingila, an manna wa ɗaruruwan tsofaffin gidaje irin wannan lulluɓi ta waje a 2013, aikin bai yi kyau ba, ruwa ya riƙa shiga bayansa, mutane suka shekara da shekaru cikin laima da fumfuna. Irin waɗannan abubuwa na cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta fito da ƙa'idar PAS 2035 a 2019, wadda ta ce a dubi gida gaba ɗayansa kafin a taɓa wani sashe. Turai ma tana da ƙa'idar EN 16883 tun 2017, musamman don gine-ginen tarihi. Wani abu kuma: da aka auna ainihin tsofaffin bangaye a Scotland da Ingila, an tarar da yawansu sun fi abin da lissafin kwamfuta ya nuna iya riƙe ɗumi, wato ribar lulluɓin ba ta kai yadda ake zato ba. Inda sanyi ya tilasta a yi, a yi da kayan da danshi ke iya ratsawa, irin su allon zaren katako ko shafen farar ƙasa da aka haɗa da ɓawon itacen da ake yin abin toshe kwalba da shi, ban da soson roba. A ƙasa mai zafi kuwa lulluɓe bango ta ciki kuskure ne, don ka raba ɗaki da kaurin da ke sanyaya shi. A gida irin naku ban ga buƙatarsa ba.

Wanda ya ce a rushe, lissafin kuɗin wuta kawai ya yi, ya manta da makamashin da za a ƙone kafin sabon gidan ya tsaya. Ana gasa siminti a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, kuma masana'antarsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta Amurka ta yi bincike ta gano cewa sabon gini mai tsimin makamashi yana buƙatar shekara 10 zuwa 80 kafin ya biya bashin gurɓatar da aka yi wajen gina shi. Bangonku kuwa an gama biyan nasa tuntuni.

Ta fuskar adana tarihi, ƙa'idojin ba su da yawa kuma sun daɗe. William Morris da abokansa, da suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877, abin da suka nace a kai shi ne kulawa ta yau da kullum maimakon babban gyara bayan an bari ya lalace. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ita ma ta sa kulawa ta dindindin a gaba. A aikace: a gyara da irin kayan da aka yi ginin da su, kada a cire abin da zai gyaru, duk abin da aka ƙara ya zama wanda na baya za su iya cirewa ba tare da sun fasa na asali ba, a kuma ɗauki hoton komai kafin a taɓa. In gidan yana cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, ko yana unguwar da aka kare, a nemi izinin hukuma tun kafin a sayo kaya.

Saura bangon da aka riga aka yi wa siminti. Kada a sa lebura ya hau shi da babbar guduma a rana ɗaya. In ƙasar da ke bayansa ta ruɓe sosai, wataƙila simintin ne ma ke riƙe da wani nauyi yanzu, cire shi gaba ɗaya na iya kawo bangon ƙasa. A fara buɗe ƙananan wurare biyu ko uku, ɗaya a gindi, a ga abin da ke ciki. In ɓarnar ta yi zurfi a tokare rufi da sanduna kafin a ci gaba. A yi aikin da farkon rani, a cire kaɗan-kaɗan da kurfi da ƙaramar guduma, a bar bangon ya sha iska. Mai kauri ba ya bushewa da wuri, zai iya ɗaukar watanni, kuma za ka ga farin gishiri yana fitowa a fuskarsa yayin da yake bushewa. A share shi da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, don ruwan zai mayar da shi ciki. Inda ƙasa ta zaizaye a cike da tubali ko laka irin ta asali, sahu-sahu, kowane sahu ya bushe kafin a ɗora wani. Daga nan a yi yaɓen laka ko na farar ƙasa. Maginin da za ka ba wannan aiki, ka nemi ya kai ka ka ga wani bangon ƙasa da ya gyara wanda ya ci damina uku ko huɗu, ka ƙwanƙwasa shi kafin ku yi ciniki.